Saukar Tsattsewa a Fadamar Rafin Kanya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba masu ƙafa, ya ɗaga sama ya ba masu fiffike, ya bar ɗan Adam a tsakani da wuya mai ɗaguwa da zuciya mai kwaɗayi. Ni ne Tunau ɗan Nomau, haifaffen Rafin Kanya, garin da ke yamma da Tekun Gishiri, inda albasa ke girma ta kai kan jariri, mutane kuwa ba sa girma su wuce abin da iyayensu suka sani. Duk wanda ya ji labarina a bakin mutanen garinmu ƙarshensa kawai ya ji, don nan ne wurin dariyar. Ni daga farko zan ɗauko.

Tun ina ƙarami ba a san ni da zama ba. An kai ni wurin masaƙa na yi ta tsinka zare, an kai ni wurin majema na ce wari ya yi yawa, aka dawo da ni fadamar babana ban ruwa, na riƙa barin ruwa yana malala ina kallon shamuwa. Wata shekara fataken kanwa suka sauka a garinmu, suka ba da labarin wata ƙasa can gabas mai suna Duwatsun Tsaye, inda kowane gida ke ƙera jirgin samansa kamar yadda mu muke ajiye jaki. Mutane suka yi dariya suka watse. Ni na bi fataken har masaukinsu ina tambayar hanya.

Ranar da zan tafi na iske babana yana dashen albasa. Na durƙusa a bakin fangali na ce, "Baba, zan tafi neman ilimin nan da na faɗa maka."

Bai ɗago ba. Ya danna ɗan albasa cikin laka da babban yatsa, ya ɗauki wani.

"Ruwa ya kai fangalin ƙarshe?"

"Bai kai ba, Baba."

"To."

Iyakar sallamar da na samu ke nan. Yayana Korau ne ya raka ni bayan gari, da za mu rabu ya dafa ni ya ce, "In ka samo fiffiken ka taho da guda biyu. Akwai zakaran Gwaggo Ladingo da ya karye."

A nan na ƙudurta a raina ba zan dawo Rafin Kanya da ƙafa ba. Daga sama zan sauko, cikin jirgin da na ƙera da hannuna, a tsakiyar fadamar nan, in ga ko tsohon zai ɗaga kai.

Na yi tafiya mai tsawo. Na kewaye Tekun Gishiri ta gefe, inda ƙasa ke cinye tafin takalmi. Na ratsa garin masu raɗa, waɗanda ba sa ɗaga murya ko a wurin faɗa don kada dutsen da ya rufa musu ya zubo. Na shiga wani dajin ƙaya da ke matsawa da kansa yana rufe hanya bayan matafiyi, na fita ne kawai don na riƙe wutsiyar wani tsohon jaki da ya san lokacin da ƙayar ke hutawa. Gemu bai fito min ba sai a hanya.

Duwatsun Tsaye kuwa, fataken ko rabinta ba su faɗa ba. Duwatsu ne dogaye masu shimfiɗaɗɗen kai kamar turamen da aka kife, kowanne da gida ɗaya ko biyu a bisa, tsakaninsu rami ne wanda in ka jefa dutse sai ka gaji da jira ka kama harkarka ba ka ji saukarsa ba. Ba gada, ba turba. Mace in gishiri ya ƙare mata jirgi take hawa ta je gidan maƙwabciya. A cikin kwando aka jawo ni da igiya zuwa dutsen wata tsohuwa mai suna Inna Tasalla, wadda aka ce ita ta koya wa rabin ƙasar tashi. Gajeriya ce, haƙoranta jawur da fure. Ko fuskata ba ta duba ba.

"Cire takalmi."

Na cire. Ta tsuguna ta juya ƙafata kamar mai tayin doya.

"Ƙafar manomi. Da nauyi, amma ba ta rawa. Za mu gani."

"Inna, ai na zaci da hannu ake tuƙi."

"A sama, da hannu. A ƙasa, da ƙafa. Kai kuma duk wahalarka a ƙasa za ka sha ta."

Jiragensu tayoyi biyu ne a gaba, da wata 'yar taya ƙarama a ƙarƙashin wutsiya. A gaban mai tuƙi akwai mataki biyu, dama da hagu, su ke karkata wutsiyar, kuma ba a taka su da takalmi, don tafin ƙafa ya ji abin da jirgi ke shirin yi kafin ya yi. Da yake nauyin jirgin a bayan manyan tayoyi yake, muddin yana gudu a ƙasa wutsiya ƙoƙari take ta riga hanci isa. In ta samu sarari sai ta zagayo gaba, jirgi ya juya a wuri ɗaya, fiffike ya daki ƙasa. Wannan shi suke kira juyin kare.

Akwai wata ɗabi'a tasu da ta fara ba ni haushi. In jirgi ya taho zai sauka, duk wanda ke filin, babba da yaro, sai ya juya masa baya ya yi shiru, ba mai waiwayowa sai an ji inji ya mutu. Na ce a raina waɗannan ba su san darajar baƙo ba. Rannan wani dattijo ya sauko, tayoyinsa na taɓa ƙasa na ruga na ɗaga hannu na ce, "Sannu da zuwa, Baba, sannu da hanya." Ban rufe baki ba na ji muciya a gadon bayana.

"Me ya yi maka za ka kashe shi?" in ji Inna Tasalla.

"Gaishe shi na yi, Inna."

"Gaisuwa amsa take nema. Wanda zai amsa sai ya kalle ka. Wanda ya kalle ka ya bar kallon wutsiyarsa. Mutum bai iso ba sai injinsa ya yi shiru, kafin nan ba ka da baƙo."

Jirgina na farko da gora muka ƙera shi, muka rufe da farin sawaye da aka shafe da ƙaro. Injinsa ɗan ƙarami, fukafukansa faffaɗa. Na sa masa suna Balbela. Ban taɓa ganin abu mai haƙuri irin Balbela ba. In ka yi mata kuskure sai ta jira ka gyara. Tana sauka kamar kaza za ta kwanta a kan ƙwai, gudunta a ƙasa ko jaki ya matsa zai kamo ta. Na yi shekaru ina yawo da ita daga dutse zuwa dutse, ina kai awaki da tukwane da masu jinya, har na iya sauka ina ɓare gyaɗa. Na ɗauka na gama sani.

Sai na ɗaura kayana na yi sallama, na nufi gida. Tsakanin Duwatsun Tsaye da yamma akwai wani mashigi tsakanin tsaunuka biyu da ake kira Maƙogwaro, iska ke fitowa ta cikinsa ba dare ba rana, kullum fuska ɗaya take bugawa, fuskar mai zuwa yamma. Na shiga da hantsi na ba Balbela duk wutar da take da ita. Ƙarƙashina akwai wata kuka, gindinta wata mata tana daka. Na duba bayan wani lokaci, ga kuka. Matar ta gama daka, ta yi tankaɗe, ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ina nan bisa kanta kamar an rataye ni. Da ta kwashe tuwo sai ta ɗaga kwano sama tana nuna min, wai bismilla. Mai ya kusa ƙarewa, na juya, iskar ta dawo da ni gida kafin in gama jin kunya.

Inna Tasalla na zaune tana tsinkar zogale. "Har ka dawo? Ya mutanen gidan? Ka iske su lafiya?"

Na ce, "Inna, jirgi nake so wanda ya fi iskar Maƙogwaro gudu."

Ta ajiye zogalen. "Irin wannan kujera ɗaya gare shi. Ba zan zauna bayanka in gyara maka ba kamar yadda na yi a Balbela. Ranar da za ka fara tashi da shi, kai kaɗai ne."

Manyan injuna a ƙasan rami ake ƙera su, wurin wasu maƙera da ba sa ganin rana sai tsakar rana, ita ma leƙowa take ta wuce. Na sauka wurinsu na yi musu zuga har gashin hannuwana ya ƙone bai sake fitowa ba, sannan suka ba ni inji guda wanda sai da ƙarti suka taru kafin a ɗaga shi. Na ƙera masa jiki siriri, hanci dogo, fukafukai gajeru. Farfelar gabansa daga icen wata bishiya na sassaƙa ta wadda ba ta fitowa sai a bangon ramin can. Na sa masa suna Tsattsewa. Ranar da na fara tayar da injin, tantabarun dutse uku suka tashi ba su dawo ba sai yamma.

Na hau na zauna, sai na ga ba na ganin gabana. Hancin ya tokare sama ya rufe filin duka.

"Inna, ba na ganin hanya."

"Ba za ka gani ba. Tafiyar maciji za ka yi, ka karkata nan ka leƙa, ka karkata can ka leƙa. Yau ba tashi. Ka gudu zuwa ƙarshen fili ka dawo."

Na tura totur, abin ba inji wuta, gaba ɗaya, yadda na saba yi wa Balbela. Abin da ya biyo baya ban iya tsara shi ba. Na ji an fizgi hancin zuwa hagu kamar da igiya, na taka dama na makara, na taka da yawa, ya fizgo dama, sai ga bakin rami yana tahowa. Bishiyoyin lallen Inna ne suka tare ni. Na fito bakina cike da ganyen lalle.

Ta zo ta duba lallenta tukuna, sannan ni. "Wa ya ce ka ba shi duka? Ka taɓa ganin an ba jariri kunu da ƙwarya? Da ludayi ake ba shi, kaɗan-kaɗan, ƙafar dama na gaba tana jira. Waccan tsohuwar taka, Balbela, ta lalata ka. Tana yafe maka kana zaton iyawa ce."

Haka na koma ɗan koyo bayan na yi suna. Damina ta zo ta wuce ina gudu a ƙasa. In ɗaga wutsiya, hanci ya nemi hagu, in tare shi. In sauke wutsiya, in ja sandar tuƙi har cikina in riƙe, don 'yar tayar ta danne ƙasa. Waɗanda na taɓa kai wa awaki suna wucewa ta sama suna leƙo ni. Da ƙafafuna suka fara ganewa sai Inna ta ɓullo da wata sabuwar azaba. Ina cikin gudu sai ta kwala min kira.

"Tunau, rigarka ta kama wuta."

In na waiwaya, aikin ranar ya tashi a banza. Ta buga min tasa, ta saki akuya, ta yi kamar ta faɗi ta suma. Sai da na kai in ji ta tana kuka da sunana ko ƙifta ido ban yi ba, sannan ta bar ni na tashi.

Ba zan ɓoye daɗin ranar ba, ko da yake yanzu tunawa da shi ciwo ne. Tafiyar da Balbela ke yi daga hantsi zuwa azahar, Tsattsewa ta yi ta kafin in gama gyara zama. Amma sauka ta kusa gagara. In na rage gudu yadda na saba sai ta nemi faɗowa kamar dutse, in na taho da gudu sai filin ya ƙare kafin tayoyi su taɓa. Na yi ta kewayawa ina sake gwadawa, mutanen gidan duk sun juya baya suna jira, tuwonsu na hucewa. Da na samu na dire ta, ta yi tsalle, ta yi tsalle, ta zauna, na yi ta rawa a kan matakan har ta tsaya. Na kashe inji. Sai a lokacin suka juyo.

Ranar da zan bar ƙasar, Inna Tasalla ta riƙe gefen fiffike ta ce, "Mu nan mun san juya baya. Mutanenku fa?"

"Mutanenmu mutanen gaisuwa ne, Inna."

"Abin da nake tsoro ke nan. Ka tafi. In ka isa kada ka san kowa."

Na shiga Maƙogwaro na ba Tsattsewa wuta, da ludayi yadda aka koya min, har ta ƙoshi. Iskar ta yi ta dukan mu, kuka ta taho ta wuce ƙarƙashina kamar an jefar da ita. Ban ko ga matar ba. Na ƙetare dajin ƙaya, na wuce garin masu raɗa ta can nesa don kada ƙarata ta rusa musu dutse, sai ga Tekun Gishiri.

A nan dole in sauka, don man da ke cikin jirgi ya kusa ƙarewa, sauran yana cikin gwangwanaye a bayana, ba ya zubuwa a sama. Tekun ba teku ba ne, fili ne na gishiri mai tauri, sai dai an yi ruwa, wani ɗan siririn ruwa ya kwanta a kai ya zama madubi. Na duba ƙasa na ga gajimare, na duba sama na ga gajimare. Na ga wata Tsattsewa a kife tana bi na. Ban san ko tsakanina da ƙasa tsawon mutum ne ko tsawon rimi ba, jirgi mai irin wannan gudun kuwa in ka yi kuskuren wannan ba a tsince ka. Inji ya fara tari. Sai na ciro takalmana da ke rataye a wuyana na jefa ɗaya, na jefa ɗayan, na tuɓe jar hulata na jefa, duk a jere. Na kewayo. Ga su can zaune a kan sama, baƙi, baƙi, ja. Da su na auna ƙasa, na sauka. Na zuba mai. Da na waiwaya in ɗebo su sai na ga nisan da gudu ya kai ni, rana kuma ta karkata, gishirin yana cin ƙafa. Na bar su.

Haka na iso Rafin Kanya da la'asar, ba hula, ba takalmi.

Na gane garin da kanyoyinsa. Na kewaya sau da yawa ƙasa-ƙasa don mutane su ba ni wuri a doguwar farfajiyar da ke tsakanin fangulan albasa da rafi. A Duwatsun Tsaye da sun matsa sun juya baya. Mutanenmu sai suka taho da gudu, har da masu goyo, suka jeru dama da hagu suna ɗaga hannuwa. Duk da haka na taho. Kuma ina so a rubuta wannan, tunda a garinmu ba mai faɗa: ban taɓa yin sauka mai kyau irin ta ranar ba. Tayoyin nan uku lokaci guda suka sumbaci ƙasa. Na ja sanda har cikina na riƙe. Ƙafafuna na aiki, dama, hagu, dama. Ana ta kira, ana guɗa, wani ya gane ni yana "Tunau ne, wallahi Tunau ne." Ban kalli kowa ba. Gudu ya ragu ya kai rabi.

Sai ta gefen idona na ga mutum a tsaye shi kaɗai a bakin fangali, nesa da taron. Babana. Ya miƙe tsaye sosai, fuskarsa na wajena, hannunsa na dama a ɗage sama.

A garinmu uba ba ya fara gaida ɗa. Ba a taɓa yi ba. In kuwa ya yi, ɗan da ya wuce bai amsa ba, ban san sunan da za a kira shi ba. Duk ihun Inna Tasalla da tasarta da akuyarta ba su shirya ni wa wannan ba. Na saki sanda, na dunƙule hannu na ɗaga masa jinjina, na juya kaina gaba ɗaya ina cewa, "Baba."

Wutsiya ta yi sauƙi. Wata 'yar iska daga rafi, wadda ko fitila ba za ta kashe ba, ta taɓa ta. Na ji a tafin ƙafata, na taka, amma Tsattsewa ba Balbela ba ce. Duniya ta juya. Fiffiken dama ya nutse cikin laka, ƙafar jirgi ta karye, farfela ta daki kunyar fangali ta tarwatse, wani ɓarinta sai a rafi aka gan shi. Da komai ya tsaya, hancin jirgi na kallon inda na fito.

Korau ne ya jawo ni. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gemu. Ya dube ni daga kai zuwa ƙafa.

"Sannu da zuwa, ƙanena. Haka ake sauka a can? Ina hularka? Ko a can ba a sawa?"

Ba wanda ya ji ciwo sai ni, kafaɗata ta karye. Aka kwantar da ni a zaure, mai ɗori ya zo ya yi aikinsa. Da mutane suka ragu, aka shigo da babana, Korau na riƙe da hannunsa. A nan na ga idanunsa. Yanar ido ta rufe su fari fat.

Ya zauna ya lalubo ƙafata ya riƙe. "Tunau ne?"

"Ni ne, Baba. Na ga ka ɗaga min hannu."

"Ni?" in ji shi. "A'a. Ƙugi na ji, na ce ko fara ce ta taso, ko guguwa. Na ɗaga kai in duba, rana ta soke min ido, ka san ɗan hasken da ya rage ba ya son rana. Ita nake karewa." Ya juya wajen Korau. "Fangali nawa ya ɓata?"

"Da dama, Baba. Na gefen rafi duk sun tafi."

"To. A ba shi abinci, ƙafarsa duk ta tsage."

Na yi niyyar gyara Tsattsewa. Ina kwance ina lissafin inda zan samu gora mai kauri, ina tunanin icen da zai maye farfela, ko da na san babu irinsa sai a bangon ramin can. Amma ɗori ya daɗe bai kama ba, mutanen garinmu kuwa ba sa iya ganin abu a ajiye. Ranar da na fara fita da sanda na iske sawayen fukafukai ya zama rumfa a ƙofar gidanmu. Manyan tayoyin suna ƙarƙashin amalanken Korau. 'Yar tayar wutsiya an kafa ta a bakin rijiyar unguwa, igiyar guga na bi ta kanta, mata na yaba laushinta. Gorar an yi dangar kaji.

"Yaya, wa ya ba ku izini?"

"Izinin me? Gara ce za ta ci. Kai dai ka gode ba a bar komai ya lalace ba. Zo ka ga babban aikin."

Ya kai ni bakin kasuwa. Sun gina ɗaki, sun kafa injin a kan kututture, sun haɗa shi da dutsen niƙa da wata doguwar fata. Sun yi ta fama ya ƙi tashi, don ba su san yadda ake lallashinsa ba.

"Kai kaɗai yake ji," in ji Korau. "Tayar mana. Ko so kake a ce shekarun nan duk ba ka kawo komai ba?"

Na tayar. Tun daga ranar ni ke zaune wurin. Garuruwan da ke kewaye da mu duk nan suke kawo niƙa, don babu inji mai ƙarfinsa a yammacin Tekun Gishiri. Sai dai ba a ba shi wuta. A can ƙasa-ƙasa nake riƙe shi, yana gunaguni kamar mai barci, in ya wuce haka dutse ya yi zafi gari ya ƙone. Kowace safiya ana kawo babana ya zauna a inuwar ɗakin, in baƙo ya tsaya yana mamaki sai ya ce, "Ɗana ne ya kawo shi. Ya daɗe ƙwarai, har mun cire rai, amma da ya tashi dawowa ya zo da abin amfani." Yana faɗa yana murmushi, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Ban taɓa gyara masa ba.

Shekaranjiya da hantsi wani abu ya taso min. Na dafa totur na fara turawa, kaɗan-kaɗan, ina jin muryar tana buɗewa. Kututturen ya fara rawa, jinkar ɗakin ta ɗaga, kwanukan da ke jere suka kama kaɗawa. Na rufe ido. Ƙafata ta dama ta miƙe da kanta tana neman abin takawa, ta samu buhun dusa.

Aka taɓa kafaɗata, wadda ta karye. Gwaggo Ladingo ce, ta rufe hanci da gefen mayafi.

"Tunau, ɗan nan, rage masa wuta. Kana ƙona min dawa."

Na rage.

Iyakar hikayata ke nan, don ga kwanuka sun yi layi har waje.